Sauyin Kafofin Kwamfuta: Ina Makomar Kayan da ke Jibge a Shagunanmu?

Duk ɗan kasuwar da ke harkar kayan kwamfuta a birnin Lome, ko yana da shago a Dekon, ko yana ajiye kayansa a Bè-Kpota, ko kuwa yana ɗaukar su zuwa Aflao da Sinkase, ba zai rasa lura da wani abu ba a 'yan shekarun nan. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake fitarwa daga kwantena sai ƙara sirancewa suke yi, kafofin da ke gefensu kuma sai raguwa suke yi. A da mutum kan ƙirga kafa bakwai ko takwas a jikin kwamfuta guda, akwai ta caja, akwai ta majigi, akwai ta wayar intanet, ga ta filash har uku ko huɗu, ga kuma wurin sa faifai. Yanzu kuwa wata kwamfutar kafa biyu ce rak a jikinta, ƙanana masu kama da ƙwayar wake, waɗanda ake kira USB-C. Mai saye zai biya kuɗinsa ya tafi gida yana murna, sai ya tarar filash ɗinsa ba ya shiga, firintarsa ba ta da wurin haɗawa, washegari sai ga shi a bakin shago da faɗa.

Wannan al'amari ya wuce a ce son ran kamfanoni ne kawai, domin yanzu doka ta shigo ciki. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2022 Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta amince da dokar caja ta bai-ɗaya. Dokar ta wajabta cewa daga 28 ga Disambar 2024, duk wayar salula da kyamara da abin sauraro na kunne da makamantansu da za a sayar a ƙasashe 27 na tarayyar, dole a iya yi musu caji ta kafar USB-C. Kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa an ɗaga musu ƙafa zuwa 28 ga Afrilun 2026. Hujjar hukumomin Turai ita ce, cajojin da ake zubarwa ko ake ajiyewa ba amfani sun kai kimanin tan dubu 11 a kowace shekara, kuma dokar za ta rage wa masu saye asarar kusan Yuro miliyan 250 a shekara, wato wajen sefa biliyan 164. Ita ma Saudiyya ta bi sahu, inda ta sanya 1 ga Janairun 2025 ga wayoyi, da 1 ga Afrilun 2026 ga kwamfutoci. Kamfanin Apple da ya daɗe yana taurin kai da tasa kafar ta daban, tilas ta sa ya koma USB-C a wayarsa iPhone 15 a watan Satumbar 2023.

Abin tambaya a nan shi ne, ina ruwan ɗan kasuwar Bè-Kpota da dokar da aka yi a Turai? Amsar a bayyane take. Kamfanin da ke ƙera kwamfuta a ƙasar Sin ba zai buɗe layi na musamman domin Togo ko Nijar ba, abin da ya ƙera wa Turai shi zai aiko mana. Bugu da ƙari, mafi yawan kwamfutocin da muke sayarwa na gwanjo ne, waɗanda ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suka gama amfani da su. Saboda haka duk abin da aka yanke a can, in an jima kaɗan sai ya iso bakin tashar jiragen ruwa ta Lome. Kuma wannan tasha a yau ba Togo kaɗai take ciyarwa ba. Tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya masu yawa na 'yan kasuwar Yamai da Maraɗi suka koma bi ta Lome, su haura Sinkase, su ratsa Burkina Faso kafin su isa gida. Kwantenar da aka buɗe a nan, kayanta na iya ƙarewa a kasuwar Katako ta Yamai, ko Birnin Ƙonni, ko ma titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano.

Ba yau aka fara ba

Masu iya magana na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya ga irin wannan sauyi ba sau ɗaya ba. Kafar nan mai launin shuɗi da ramuka 15 da ake haɗa majigi da allon kwamfuta da ita, wato VGA, kamfanin IBM ne ya fito da ita tun 1987. A shekarar ce kuma ya fito da kafofin nan masu zagaye na kibod da linzami. USB ta farko ta bayyana a 1996, ta biyu a shekarar 2000, ta uku mai shuɗin harshe a 2008. A 1998 Apple ya fitar da iMac ba tare da wurin sa ƙaramin faifan nan mai murabba'i ba, mutane suka yi ta surutu, amma cikin 'yan shekaru faifan ya zama tarihi. A 2008 kamfanin ya sake fitar da MacBook Air ba wurin sa CD. A ƙarshen 2010 kuma Intel da AMD suka ba da sanarwar cewa za su daina tallafa wa VGA zuwa 2015.

Ita USB-C an kammala tsara ta ne a watan Agustan 2014. A 2015 Apple ya fitar da kwamfuta mai wannan kafa guda ɗaya tal, a 2016 kuma ya cire duk tsofaffin kafofin haɗa na'urori daga MacBook Pro, ya bar ta abin sauraro kawai. Sai dai akwai darasi a abin da ya biyo baya. Ƙorafin masu saye ya yi yawa, har a 2021 kamfanin ya dawo da kafar HDMI da wurin sa katin kyamara. Wannan ya nuna cewa tsohon abu ba ya mutuwa a ranar da kamfani ya so, sai ranar da masu amfani da shi suka daina buƙatarsa.

Mu a nan muna da namu misalin da ya fi kusa. 'Yan kasuwar kaset da CD na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda a da suke juya miliyoyi a finafinan Hausa, sun ga yadda kasuwar ta zube cikin 'yan shekaru bayan da jama'a suka koma tura finafinai a waya da kallo a YouTube. Waɗanda suka farga da wuri sun sauya layi da jarinsu, waɗanda suka ce ai abin na ɗan lokaci ne kuwa, sun ƙare da katan-katan na faifan da ba mai tayawa. Haka masu cajar Nokia mai siririn baki suka gani.

Abin da dokar ta ce da abin da ba ta ce ba

Ya kamata a gyara wata fahimta da ke yawo a bakin masu saye da masu sayarwa, cewa wai nan gaba kaɗan duk tsofaffin kayan kwamfuta za su daina aiki. Ba haka ba ne. Dokar Turai ta tsaya ne a kan kafar caji kawai. Ba ta hana kamfani sanya tsohuwar kafar USB mai faɗi ko HDMI ba, kuma ba ta shafi kwamfutocin da aka riga aka sayar ba. Hasali ma yawancin kwamfutocin ofis irin su ThinkPad na Lenovo da Latitude na Dell da EliteBook na HP, waɗanda su ne suka fi cika kasuwanninmu, har yanzu suna zuwa da tsohuwar kafa ɗaya ko biyu a gefen sabuwar. Waɗanda suka cire komai su ne sirarran nan masu tsada.

Wani abin da dokar ta ƙunsa, wanda ya fi shafar aljihunmu, shi ne ta ba mai saye damar sayen na'ura ba tare da caja ba. Ma'ana, nan gaba kwamfutoci da yawa za su iso mana tsirara, caja kuwa sai an saya daban. Wannan kasuwa ce ga mai ido.

Sannan akwai batun lokaci. Manyan ofisoshin Turai kan sauya kwamfutocinsu ne bayan shekara uku zuwa biyar. Idan aka bi wannan lissafi, kwamfutar da aka ƙera a ƙarƙashin dokar 2026 ba za ta fara isowa gare mu da yawa a matsayin gwanjo ba sai wajen 2029 zuwa 2031. Kafin nan, abin da zai riƙa shigowa gauraye ne, wasu da tsohuwar caja, wasu da sabuwa, wasu kuma suna karɓar duka biyun. Wannan tazara ita ce damar da ɗan kasuwa ke da ita ta gyara shagonsa a tsanake.

Ambaliyar da ke tafe

Sai dai kafin sabbin su iso, tsofaffin ne za su yi mana ambaliya, kuma dalilin hakan ba kafar caji ba ce kaɗai. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 kyauta ga kowa da kowa, wanda ya gaje shi kuwa, Windows 11, ba ya karɓar yawancin kwamfutocin da injinsu ya girmi zubi na takwas na Intel, wanda ya fito a 2017. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki. Ofisoshin da suka fitar da waɗannan kwamfutoci ba su kaɗai za su fitar ba, har da cajojinsu da allunansu da wayoyin VGA da firintocinsu. Ina ake tsammanin kaso mai tsoka na waɗannan kaya zai nufa, in ba tashoshin Lome da Kwatano da Tema da Legas ba?

A nan ne haɗarin yake. Dillali zai kira ka ya ce ga kwantena ta zo da kaya a farashin da ba a taɓa ji ba, caja buhu-buhu, allon kwamfuta ɗari biyu, firinta hamsin. Kafin ka yi murna, tambayi kanka dalilin da ya sa mai kayan ya rabu da su a wannan araha. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Adawlato a watan Janairun 2013 ta lashe dukiyar jama'a a dare ɗaya, kowa ya gani, kowa ya jajanta. Kayan da zamani ya wuce kuwa a hankali suke cin jari, suna nan jere a kanta, mai shago na ƙirga su cikin dukiyarsa, alhali darajarsu na raguwa kowane wata, kuma ba mai zuwa yi masa jaje.

Wanne zai rayu, wanne zai mutu?

Idan aka duba da kyau, tsofaffin kayan sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda ba abin da zai same su: linzami da kibod da filash da ma'ajiyar bayanai ta waje, duk masu tsohon bakin USB. Harshen da suke magana da shi bai canza ba, siffar bakin ce kawai ta canza, don haka ɗan ƙaramin adafta mai araha ya wadatar. Waɗannan za a ci gaba da sayensu shekaru masu yawa, musamman a makarantu da shagunan buga takardu.

Kashi na biyu su ne waɗanda za su rayu amma da sharaɗi, wato majigi da allon kwamfuta masu VGA kaɗai. Saƙon da VGA ke ɗauka irin na da ne, sabuwar kwamfuta kuwa da lambobi take aikawa, saboda haka adaftan da zai haɗa su dole ya kasance da ɗan inji a cikinsa mai juya saƙon. Ko an samu adaftan ma, ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba. Wannan shi ne abin da ya fi haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kafa biyu na iya zama iri ɗaya a ido, amma ɗaya na yin caji da fitar da hoto da ɗaukar bayanai, ɗayar kuwa bayanai kaɗai take ɗauka. Sau da yawa akan sa alama a gefen kafar, alamar walƙiya ko harafin D da P a haɗe na nuna tana fitar da hoto, amma ba kowane kamfani ne ke sa alamar ba. Gwaji a gaban mai saye shi ne kawai mafita.

Kashi na uku su ne waɗanda ajalinsu ya kusa, kuma abin mamaki ba kafar ce za ta kashe su ba. Tsohuwar firinta ko sikana ana iya samar mata waya mai sabon baki, amma idan kamfanin da ya ƙera ta bai fitar da manhajar da za ta gabatar da ita ga sabon Windows ba, to ko an haɗa, kwamfutar ba za ta san da zamanta ba. A 2023 Microsoft ya sanar cewa sannu a hankali zai daina rarraba irin waɗannan manhajoji na kamfanonin firinta. Har ila yau akwai sabbin kwamfutoci masu wani irin inji na daban, kamar na Apple tun daga 2020 da masu Snapdragon da suka yawaita tun 2024, waɗanda tsofaffin manhajojin na'urori da dama ba sa aiki a kansu. Don haka mai sayen firintar gwanjo ya fara bincika ko tana aiki da Windows 11 kafin ya duba kyan jikinta.

Su kuwa tsofaffin cajoji, matsayinsu na musamman ne. Kowane mai shago ya san wahalar da ke cikinsu: HP mai shuɗin baki daban, Dell mai babban baki da allura a tsakiya daban, Lenovo mai bakin murabba'i ruwan ɗorawa daban, ga na Acer da Toshiba da Asus. Dole mutum ya ajiye iri goma ko fiye don kada mai saye ya juya. Muddin tsofaffin kwamfutocin na hannun jama'a, za a ci gaba da neman waɗannan cajoji, wataƙila ma wasu su yi tsada idan suka yi ƙaranci. Amma kasuwa ce mai tsukewa, ba wadda za a zuba mata sabon jari mai yawa ba.

Riba da haɗarin sabuwar caja

Alherin USB-C ga ɗan kasuwa shi ne, maimakon iri goma, iri uku sun ishe shi: mai ƙarfin wat 45, mai 65 da mai 100, kuma kowacce za ta yi wa HP da Dell da Lenovo aiki. Jarin da ke kwance ya ragu ke nan. Amma kowane allazi da nasa amanu. Tunda caja ta zama ɗaya, mai sayar da kayan waya a bakin titi ma zai shiga kasuwar, riba kuma za ta ragu. Abin da zai bambanta ɗan kasuwa da ɗan'uwansa shi ne sani da amana.

Ga abubuwan da ya kamata kowane yaron shago ya haddace. Cajar waya mai wat 20 ko 25 za ta shiga kafar kwamfuta daram, amma ko dai ba za ta yi caji ba, ko ta yi a hankali ƙwarai. Wayar caja ta gama-gari ba ta wuce wat 60, wadda za ta ɗauki 100 ko fiye dole ta kasance da ɗan inji a bakinta mai shaida wa caja ƙarfinta, kuma tun 2021 tsarin ya kai har wat 240. Haka kuma wayar da aka yi don caji kawai ba za ta fitar da hoto zuwa majigi ba, ko da kafar na iyawa.

Batun jabu kuwa ba abin wasa ba ne. A farkon 2016 wani injiniyan kamfanin Google mai suna Benson Leung, wanda ya shahara da gwada irin waɗannan wayoyi, ya bayyana yadda wata waya da aka haɗa ba daidai ba ta lalata masa kwamfuta, abin da ya taimaka wajen sa kamfanin Amazon ya haramta sayar da marasa inganci a shafinsa. Idan haka ta faru a Amurka inda ake sa ido, ina ga kasuwanninmu da kowa ke shigo da abin da ya ga dama daga Gwanzu da Dubai? Ga kuma matsalar wutar lantarki da ke hawa da sauka, da janareto, da ƙurar hunturu. Tsohuwar kafar caji a yawancin kwamfutoci tana haɗe ne da 'yar waya da mai gyara zai cire ya sa wata cikin mintuna. Kafar USB-C kuwa tana da ƙananan haƙora 24, kuma galibi a manne take da uwar allon kwamfutar, gyaranta na buƙatar na'urar hura zafi da madubin ƙara girma da hannu mai natsuwa. Jabun caja ɗaya na iya jawo asarar kwamfuta sukutum, kuma mai saye ba zai tuna sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, sunan mai shagon zai riƙe. Araha dai ba ta ado.

Wannan kuma wata ƙofa ce ga matasanmu. Masu gyaran waya sun riga sun saba da irin wannan aiki mai laushi, kuma duk yaron da ya ƙware a canza kafar USB-C da gyaran sashen caji na kwamfuta, ba zai rasa abin yi ba a shekaru goma masu zuwa. Iyayen gida da ke da yara a shago su yi tunanin tura ɗaya ko biyu koyon wannan aiki tun yanzu.

Ina za a kai gawar?

Sauran tambayar ita ce makomar abin da ya mutu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta samar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace, a Afirka kuwa abin bai kai kashi 1 ba. Wani bincike da aka gudanar a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan dubu 60 na kayan lantarkin gwanjo ke shiga Nijeriya a shekara, fiye da tan dubu 15 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su, kuma da yawa a cikin motocin gwanjo ake cusa su. Duk wanda ya san wuraren ajiye motoci na bakin tashar Lome ya san wannan dabara ba baƙuwa ba ce.

Dokoki dai akwai su. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba cikin Afirka. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ma an yi mata gyara bisa shawarar Ghana da Suwizalan, inda daga 1 ga Janairun 2025 ba a fitar da sharar lantarki zuwa wata ƙasa sai da izininta tun da farko. Sai dai kayan gwanjo masu aiki ba sa cikin shara, kuma ta wannan kafa ce ake fakewa, a haɗa mai rai da matacce a kwantena ɗaya. Wanda ke biyan kuɗin wannan ha'inci shi ne ɗan kasuwar da ya sayi kaya a rufe, sai kuma yaran 'yan gwangwan da ke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙi mai guba. An rushe Agbogbloshie ta birnin Ankara a watan Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi zuwa wasu unguwanni.

Duk da haka, a nan Lome an nuna cewa matacciyar na'ura na iya zama jari. A 2013, a cibiyar WoeLab, wani ɗan Togo mai suna Afate Gnikou ya haɗa injin da ke ƙera abubuwa daga roba, yana amfani da sassan tsofaffin firintoci da sikana da kwamfutocin da aka zubar, labarin da ya zagaya duniya. Ba kowa ne zai yi irin wannan ba, amma darasin shi ne a cikin tsohuwar firinta akwai ƙananan injina da ƙarafa da wayoyi masu daraja fiye da abin da wuta za ta bari.

Abin yi

Shawara ta farko ga 'yan'uwa 'yan kasuwa ita ce kowa ya zauna ya ƙirga abin da ke shagonsa, ya ware shi gida uku kamar yadda aka bayyana. Abin da ke cikin kashi na uku a rabu da shi ko da a kan uwar kuɗi ne, tun ana tayawa. Na biyu, kada a sayi kwantena ko buhu a rufe komai arahar sa, a dage sai an gwada, ko a yi yarjejeniyar mayar da matattu. Na uku, duk kwamfutar da ba ta da tsohuwar kafa a sayar da ita tare da adafta mai rassa, wanda ke da gurbin filash da HDMI, a sa kuɗinsa cikin farashi, a kuma gwada komai kafin mai saye ya bar shago. Na huɗu, a riƙa la'akari da inda za a kai kaya. Abin da ya fara kwantai a Lome ko Kwatano na iya samun masu so a Dapaong ko Gaya ko Illela, inda makarantu da ofisoshi ke riƙe da tsofaffin na'urori, sai dai a gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake saye, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa.

Su kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango, lokaci ya yi da za su haɗa kai wajen sayen na'urorin gwada caja da waya da kowa zai amfana da su, su kuma ware wurin tara matattun kaya don a sayar wa masu sarrafawa a dunƙule maimakon a bar wa yara su ƙona. Hukumomin kwastan da na kula da ingancin kaya a Togo da maƙwabtanta kuwa, aikinsu bai tsaya ga karɓar haraji ba. Kamata ya yi a riƙa gwada kayan lantarkin gwanjo a tasha, a kuma sa ido a kan jabun cajoji, ba tare da an mayar da binciken wata hanyar tatsar ƙananan 'yan kasuwa a kan iyakoki ba.

Turai ta yi dokarta ne don amfanin jama'arta, kuma ba wanda ya nemi jin ra'ayin ɗan kasuwar Bè-Kpota ko na Jibiya kafin a zartar. Abin da ya rage mana shi ne 'yan shekarun nan na tazara, kuma sun isa mutum ya juya jarinsa idan ya fara yau. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu daga asara.